Famfon da Bai Lalace Ba

Ni dai a rayuwata ba na son gyare-gyare. Abu ya lalace, a jefar a sayo sabo, kowa ya huta. Shi ya sa da muka samu gidan nan a hawa na uku, a ƙasar mutanen nan da muka shekara goma sha huɗu a cikinta, na tsaya kai da fata sai da aka zuba min komai sabo fil. Famfo sabo, firji sabo, injin wanki mai kiɗa idan ya gama aiki, har da fitilar da ke kunna kanta in ka shigo. Wata shida muka yi ko ƙusa ba ta motsa ba. Sai Baba ya zo.

Baba mahaifina ne, mai gyaran famfo, ya fi shekara arba'in yana durƙushe a banɗakunan mutane. Bayan rasuwar Inna na ce ba zai zauna shi kaɗai ba, na yi ta fama da takardu har Allah ya sa aka ba shi izinin zama. Ranar da ya iso, da jakarsa guda da wata tsohuwar sifana naɗe a tsumma, na karɓe sifanar na cilla saman kwaba na ce, "Baba, ka gama wahala. Hutu ka zo yi." Kuma wallahi har zuciyata na faɗa. Ɗakinsa daban, talabijin ɗinsa daban, ga kujerar da ke kwanciya in an danna ta. Ni in fita ɗakin gwajin jini na asibiti tun da sassafe, maigidana ya wuce ofis, yara biyu su tafi makaranta, in sun dawo su gaishe shi da gutsuren Hausarsu su shige ɗaki da wayoyinsu. Abinci kuwa kullum yana firji, har takarda na manna masa ta yadda ake ɗumamawa. A ganina babu 'yar da ta kai ni.

Maigidan nawa Injiniya ake ce masa, amma na kwamfuta ne. Ka miƙa masa sukudireba sai ya juya ta yana neman wajen sa caji.

Wata uku da zuwan Baba, kayan gidana suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yau famfon banɗaki, jibi mariƙin ƙofar kicin, gata hinjin kwaba. Mu dai ba ma ganin lalacewar, sai dai mu dawo Baba ya ce, "Abin nan ya samu matsala, amma na gyara." Da farko har daɗi na ji. Na ce wa Injiniya ka gani, kayan zamani duk kyan banza ne. Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne wata 'yar jakar takarda ruwan ƙasa da nake tsinta a kwandon shara kusan kullum. Na san jakar sarai. Ta shagon Mai Fensir ce.

Shagon yana ƙarshen layinmu, tsakanin mai aski da mai wankin kaya. Ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa giftawa a ciki sai ɗaya ya karkace, bango kuwa daga ƙasa har sama 'yan durowoyi ne na katako. Mai shi wani dattijo ne ɗan ƙasar, siriri, da fensir maƙale a bayan kunne, shi ya sa na raɗa masa sunan. Sau ɗaya na taɓa shiga, na rantse ba zan ƙara ba. Ƙwan fitila fa kawai na je saye. Bawan Allahn nan ya tsare ni da tambayoyi: na wane ɗaki ne, mai murɗawa ne ko mai maƙalawa, farin haske ko ja-ja, akwai mai karatu a ƙarƙashinsa? Na ce masa malam, ƙwai nake so, ba aure na zo nema ba. Ya yi murmushi ya ce in je in kawo wanda ya mutu, wai shi ba ya sayar da kaya a makance. Ashe dokarsa ke nan ga kowa: sai ka zo da abin da ya lalace, ya shimfiɗa shi a kan wani koren ƙyalle, ku duba tare, sannan ya jawo durowa. Na ja tsaki na ɗauki mota na tafi katafaren kantin bayan gari, inda ba mai kallonka balle ya tambaye ka. Na sayo kala uku, ɗaya ya yi daidai.

To wannan shagon ne Baba ya mayar gidansa na biyu, mutumin da in an gaishe shi da yaren ƙasar sai dai ya ɗaga hannu.

Wata Talata ciwon kai ya koro ni gida da hantsi. Ina buɗe ƙofa na ji ƙwas-ƙwas daga kicin. Na leƙa, sai ga Baba durƙushe a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, sanye da rigarsa ta fita da hula, sifanar nan da na ɓoye tana hannunsa. Famfon da na wanke kofi da shi da safe lafiya lau, shi yake kwancewa.

"Baba, me ya samu famfon?"

Ya zabura har kansa ya bugi katako. "Au, Uwata, kin dawo?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Ɗiga yake yi."

Na sa hannu na shafa ƙasan. Ƙayau, ko laima babu.

"To ina ruwan da ya ɗiga?"

"Ke ba ki san famfo ba. Akwai ɗigar da ba a gani."

Ya ƙarasa cire wata 'yar roba da noti, ya naɗe su a hankici, ya sa a aljihu, ya kaɗe gwiwoyinsa ya fice. Ni kuwa na tsaya sakato da jaka a kafaɗa, ciwon kan ma na neme shi na rasa.

Kuskuren da na yi shi ne gaya wa Injiniya. Mutumin nan in ka ba shi labari, kafin ka kai aya ya buɗe waya. Ya gyara zaman tabarau ya fara karanto min: yawan maimaita aiki ɗaya, ɓoye abubuwa, musun abin da aka gani da ido. "Alamomin farko ke nan," in ji shi. "Yau famfo ne, gobe bututun gas zai kwance muna barci."

Na hayayyaƙo masa. Na ce ubana ne fa kake magana a kai, ba kwamfutar ofishinku ba. Na ce mutumin da ya haddace lambar wayar kowa a danginmu shi ne ƙwaƙwalwarsa za ta taɓu? Na faɗi son raina na juya masa baya. Amma gaskiya tsoro ya shige ni, don a asibiti nake aiki, na ga yadda abin yake farawa. Daga ranar na koma sa wa Baba ido kamar mai gadi. In ya ajiye kofi in duba inda ya ajiye. Shi kuma ya lura, sai ya ƙara yin shiru.

Ana cikin haka aka yi mana ambaliya a gida. Injiniya ne ya dawo da rana ɗaukar rigar da zai sa a wani taro, ya ga tabo a wuyanta, ya jefa ta injin wanki. Ya tarar da famfon injin a rufe, an ɗaura masa jan tsumma. Kowane mai hankali ai zai tsaya ya ce me ya kawo tsumma nan. Shi sai ya kwance ya yar, ya buɗe famfo, ya danna, ya koma ofis abinsa. Ashe Baba ya cire mahaɗin tiyon ya tafi da shi shago. Ruwa ya yi ta kwarara kusan awa biyu. Ya cika kicin, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa kafet ɗin da nake ji da shi, ya ratsa ya sauka ta silin ɗin matar hawa na biyu, wata mai ƙaramin kare da ko tari ka yi sai ta rubuta wa masu ginin wasiƙa.

Aka kira mu duka. Muna tsaye tsamo-tsamo, matar tana zazzaga masifa karenta yana taya ta, sai ga Baba ya shigo da 'yar jakar takardarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa ya sha kan takalminsa. Ya dubi injin, ya dubi tsumman yana yawo a kan ruwa.

"Na ɗaura tsumma," ya ce a hankali.

"Tsumma!" in ji Injiniya. "Haba Baba, wa yake karanta tsumma?"

Baba ya ajiye jakar. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ɗauki bokiti ya fara kwashe ruwa. Daga ranar bai sake fita ko nan da ƙofa ba.

Kwana biyu wasiƙar masu gini ta iso, da jan gargaɗi. Injiniya ya samo mana ganin likitar ƙwaƙwalwa ranar Alhamis, ya kuma ajiye min wata takarda mai sheƙi a kan teburin cin abinci. Ta gidan kula da tsofaffi ce. Tsofaffin cikin hoton duk haƙoransu cikakku, suna ta dariya suna ba furanni ruwa. Maganar a fili take: in likita ta sa hannu cewa kan Baba ya fara taɓuwa, can za a kai shi. Komawa gida kuwa babu ita, don gidanmu na can an sayar, 'yan uwansa duk sun riga shi gidan gaskiya.

Ni kuma halina ne, in abu ya dame ni sai na samu wanda zan sauke wa. Ranar Laraba na tashi daga aiki da wuri, na nufi shagon Mai Fensir a cike fam. A hanya har na tsara kalaman da zan yaɓa masa.

Na tarar da layi. Wata mata ce a gaba da murfin butar shayi, ya shimfiɗa shi a koren ƙyallen nan suna dubawa kamar masu duba jariri. Sai da ya ɓata kusan minti goma sha biyar a kan murfi, ya ɗaure wani ɗan noti, ya ce ta tafi ba sai ta sayi sabo ba. Kai, wannan mutum da kasuwanci! Ina tsaye ina huci na hango wata kujera 'yar tsugunno a gefen kanta, an ɗora mata matashi, ga wani kofi rataye a ƙusa a samanta.

Da layi ya zo kaina, kafin in buɗe baki ya riga ni.

"'Yar Gwani ce," ya ce da yarensu, ashe haka suke kiran Baba a shagon. "Ƙwan fitilar nan kuwa, kin samu daidai?"

Abin da ya fi shekara fa. Ya so ya kashe min jiki, amma na dake. Na ce ba gaisuwa ta kawo ni ba. Na ce ka samu tsoho baƙo, ba ya jin yare, kana ta ɗora masa tarkace kullum har ya koma kwance kayan gida don ya zo ya saya. Na ce saboda kai gidana ya zama kogi. Na ce ko kunya ba ka ji? Har da buga kanta na yi, 'yan ƙusoshi suka yi tsalle.

Ya bar ni na gama tas. Sannan ya zare fensirin daga kunnensa ya juya shi a hannu.

"Sau ɗaya na taɓa sayar wa mahaifinki abu," ya ce. "Ranar farko. 'Yar robar famfo guda ɗaya, ita kam da gaske ta tsage."

"Jakunkunan da yake dawowa da su fa? Iska ce a ciki?"

"Abin da ya kawo ne. In goge, in ɗiga masa mai, in sa a jaka in ba shi. Mutum ai ba ya son a gan shi ya fito daga shago hannu rabbana."

Na ce ban gane ba. Ya jawo min kujerar nan, na ƙi zama. Sai ya ba ni labari a tsaye. Wai ranar farkon, Baba yana jiran layi, wani ya kawo tsohon famfo irin wanda aka daina yi tun tuni. Shi Mai Fensir ya yi juyin duniya ya ƙi kwantuwa. Baba ya gaji da kallo, ya miƙo hannu ba magana, ya ɗan ƙwanƙwasa shi a gefe, ya murɗa baya maimakon gaba, sai ga shi ya buɗe. Mutanen shagon har tafi suka yi. Bayan kwana biyu ya dawo da mariƙin ƙofa.

"Ina ɗora shi a ƙyalle na ga lafiyarsa ƙalau. Na dube shi, ya dube ni. Sai na juya mariƙin na girgiza kai, shi ma ya karɓa ya juya ya girgiza kai. Duk mun san ƙarya muke yi. Na ɗora shayi."

"To me ya hana ka ce masa ya zo haka nan, ba sai ya kwance min gida ba?"

"Na gwada. Da hannu, da zane a takarda, har makullin shago na nuna masa. Sau ɗaya ya zo ba komai a hannunsa. Ya tsaya a bakin ƙofar can, ya ga kowa riƙe da abin gyara, sai ya yi kamar wucewa yake yi. Mahaifinki ba ya shiga wurin sana'ar mutum ya zauna haka kawai. Sai da dalili a aljihu."

Wannan kam Baba ne sak. A gida ma haka yake, ko gidan ƙaninsa zai je sai ya ce ya zo duba tankin ruwa.

Na ce to da wane yare suke hira. Ya yi dariya ya ce kowa da nasa. Baba ya yi awa guda yana zuba, shi yana gyaɗa kai, in ya gaji shi ma ya ɗauko nasa labarin, na matarsa da ta rasu da ɗansa da ya ƙi gadon shago. Wai bai san me Baba yake faɗa ba, amma ya san inda ake dariya da inda ake yin shiru. Har ya iya cewa "madalla", ya kuwa faɗa min ita a karkace.

"Ke ce ta asibiti ko? Kullum sai ya nuna min hotonki, ya yi alamar allura, ya buga ƙirji. To ai kin fi ni sanin kunnensa na hagu ya tafi, shi ya sa na sa kujerar ta wannan gefen. Da hannun daman nan da ke rawa da safe. Na ware masa sukudireba mai kaurin mariƙi, ta fi masa daɗin kamu."

"Na sani mana," na ce.

Ƙarya nake yi. Ban san ko ɗaya ba. Ni da nake duba jinin mutanen da ban taɓa gani ba in faɗi abin da ke damunsu. Kunya ta rufe ni, sannan ga haushi, har da kishi, wallahi kishin mai sayar da ƙusa na ji a ranar.

Muna haka wani ƙato ya shigo rungume da injin ban ruwa, ya leƙa kujerar ya ce, "Yau ma Gwani bai zo ba?" Da aka ce masa a'a, ya ce to zai dawo, ya juya da kayansa. Mai Fensir ko a jikinsa, wai an raina gwanintarsa a shagonsa.

"Kwana biyar ke nan," ya ce min. "Ba shi da lafiya ne?"

Na ce mura ce. Ban iya gaya masa maganar likita ba. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko wani tsohon kan famfo duk tsatsa, ya sa a jakar takarda, ya naɗe bakinta da kyau. Ya ce in kai masa, in ce wannan da gaske ya gagare shi. Har bakin ƙofa ya rako ni, ni da na zo cin mutuncinsa, yana gaya min in kula da matakalar, ta ɗan karkace.

Da na isa gida na ƙwanƙwasa ɗakin Baba. Yana zaune a kujerar nan mai kwanciya, bai kwantar da ita ba, talabijin yana ta surutu da yaren da ba ya ji. Na miƙa masa jakar. Ya dube ta, ya dube ni, na ga kunnuwansa sun motsa. Na so in yi magana, amma me zan ce? Mu ba mu saba irin wannan zancen da shi ba. Ya ce, "Allah ya yi albarka," na ce amin, na ja masa ƙofa.

Injiniya kuwa ban gaya masa komai ba, kuma da gangan. Na ce bari mu je gaban likitar, Baba ya cinye jarrabawarta tas, in ga inda mai tabarau zai sa fuskarsa. Har na tanadi kallon da zan yi masa a mota.

Ranar Alhamis muka je mu uku. Likitar wata matashiya ce mai sanyin murya. Da yake babu tafinta, ni aka sa a tsakiya: ta tambaya in juya wa Baba, ya amsa in juya mata. Ta tambayi ranar da muke, ya faɗa. Ta tambayi wata da shekara, ya faɗa, ya ƙara da cewa in tambaye ta ko ita ce ta manta. Ta ba shi sunayen abubuwa uku ya riƙe, bayan an jima ya dawo mata da su a jere. Ta ce ya zana agogo, ya zana har da maɗaurinsa. Ina ta satar kallon Injiniya, shi kuma ya ƙura wa takalminsa ido. Daɗi kamar ya kashe ni.

Sai ta ajiye biro ta ce saura tambaya ɗaya, kuma ita ce mai nauyin. A tambaye shi, ya san kayan da yake kwancewa lafiyarsu ƙalau? In ya sani, me ya sa yake yi?

Na juya masa da murmushina, don ni a ganina an gama. Baba ya dube ni. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Ki ce mata ban sani ba. Ki ce mantawa nake yi."

Murmushin ya daskare min a fuska. "Baba, na fa je shagon. Mutumin ya gaya min komai."

"Na san kin je. Ki faɗa mata abin da na ce."

"In na faɗi haka ɗauke ka za su yi! Gidan tsofaffi za su kai ka, ka gane kuwa?"

"To sai me? Can ma ai kujera ce da talabijin." Ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba. "Tsufa ba abin kunya ba ne, Uwata, kowa ya ji zai ce Allah sarki. Amma ba za a rubuta a takardar mutane cewa 'yata ta ɗauko ni daga uwa duniya ta rasa abin yi da ni ba. Ba da bakina ba."

Injiniya ya ɗago kai, bakinsa a buɗe. Likitar tana ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya, biro a hannu.

"Me ya ce?" ta tambaye ni.

Tunda nake ban taɓa saɓa wa Baba a gaban mutane ba. Kuma ga shi ya shimfiɗa min hanya mai sauƙi: in faɗi 'yan kalmomin nan, in fita da mutuncina, kowa ya ce 'yar kirki ta yi iya ƙoƙarinta. Wallahi sai da na auna ta, ba zan ɓoye ba. Sannan na buɗe baki na gaya wa likitar komai, da yarensu. Shagon, da dokar mai shagon, da jakar takarda, da jan tsumman da wanda ya kwance shi. Na ce mata kan mahaifina ya fi na duk wanda ke ɗakin nan daidai. Na ce a gidana ne babu wanda yake buƙatarsa, shi ya sa yake ƙirƙiro buƙatar ya kai ta inda za a karɓa.

Ta ɗan yi rubutu kaɗan, ta rufe fayil ɗin. Ta ce a kawo shi a duba kunnen da hannun, amma sauran ba aikin asibiti ba ne.

Baba bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga hawayena, ya ga fayil ya rufu.

"Me kika ce mata?"

"Gaskiya, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci faɗa zai yi, har na sunkuyar da kai ina jira. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara zaman rigarsa.

"To tunda ranar gaskiya ce, bari in faɗi tawa," ya ce. "Wata goma sha ɗaya ina gidanki. Yau ne kika fara tambayata abu kika tsaya jin amsa. Shi ma sai da likita ta ba ki tambayar."